Don Allah wa ya san asalin sunan D'Alberto?

Salam jama'a, na makale ne wallahi. Marigayi kakanmu ya yi birkila a Kaduna karkashin wani Bature dan Italiya, a bayan wani tsohon hotonsu aka rubuta D'Alberto da biro. Na gano cewa ma'anarsa kamar dan Alberto ne, kuma mutanen Roasio, wani karamin gari a yankin Piyamonte na Italiya, da yawansu sun zo Najeriya da Gana aikin gine-gine. To amma sunan daga can ya samo asali ko kuwa shigowa ya yi daga wani yanki? Na shiga shafin Antenati, inda ake ajiye tsoffin takardun haihuwa da aure da mutuwa na Italiya, sati biyu kenan, rubutun hannu ne da Italiyanci ko layi daya ban iya karantawa ba, wani wurin ma Dalberto nake gani a hade. Suna daya ne? Wanda ke zaune Italiya ya taimaka min.