Abin da muka tattaro kan samamen ICE a Amurka

Jama'a ga taƙaitaccen abin da aka tattauna kan samamen ICE, wato hukumar da ke tabbatar da dokokin shige da fice a Amurka, don Allah a tura wa 'yan uwa da ke can. In ICE suka buga ƙofa kar ka buɗe, ka ce su turo takardar izinin kame ko bincike ta ƙasan ƙofa ka duba wa ya sa hannu, in jami'in ICE ne ba alƙali ba to lauyoyi sun ce kana da damar hana su shiga gidanka. Kar ka gudu, kar ka yi ƙarya, ka yi shiru ka ce sai lauyanka ya zo, kuma kar ka sa hannu a komai ko da sun matsa maka.

Sannan gwamnatin tarayya ba ta da ikon tilasta wa 'yan sandan jiha su yi mata aikinta, Kotun Ƙoli ta yanke haka tun 1997, shi ya sa wasu birane ba sa taya ICE kame. Abin da ya fi damuna wallahi shi ne kai ƙarar jami'in tarayya da ya zalunce ka ya ƙara wahala tun wani hukunci da Kotun Ƙoli ta yanke a 2022, don haka a ɗauki bidiyo daga nesa, a rubuta lokaci da lambar mota, yara kuma a haddace musu lambar wanda za su kira.