Wane injin bincike ne ba ya barin sawu? Zaman ofis ya ishe ni

'Yar uwa (an ɓoye suna): Assalamu alaikum. Ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani kamfani a Kano. Asali lissafi na karanta, mijin yayata ne ya yi min hanya, aka ce in fara a nan kafin gurbi ya samu a ofishin akanta. Wadda take wurin ta ce da ta yi aure za ta ajiye, an yi auren, har ta haihu, tana nan daram. To da sha ɗaya ta yi aikina ya ƙare, sai zaman jiran ƙarfe biyar. Shi ne nake ɗan leƙa intanet a kwamfutar ofis. Jiya mai kula da kwamfutocinmu ya wuce yana murmushi, wai "Hajiya, leshin ya sauko kuwa?" Wallahi jikina ya yi sanyi, don ban faɗa wa kowa ina duba farashin leshi ba. Ita kwamfutar, Bing take buɗe min, ni nake komawa Google. Don Allah wanne zan riƙa shiga da ba za a gani ba?

Injiniya: DuckDuckGo, magana ta ƙare. Kamfanin Amurka ne, tun 2008 yake, ba ya ajiye tarihin abin da kika bincika. Google da Bing kuwa da tallace-tallace suke cin abinci, shi ya sa kina duba leshi yau, gobe tallan leshi ya bi ki ko'ina. In kuma sakamakon Google kike so, ga Startpage na Holan.

Maman Hanif: Ke kin samu wuri ma. Ni makarantar kuɗi nake koyarwa, ko ruwa ba na iya sha sai an tashi, albashi kuma sai wata ya raba. Ki gode wa Allah.

Abu Sudais: Injiniya, kar ka jefa baiwar Allah a rami. Kamfanin binciken ne kawai ba zai tara bayananta ba. Da ta danna shafin masu sayar da leshi, sunan shafin zai bi ta intanet ɗin ofis, mai kula da shi zai iya gani. Incognito ma, wato tagar sirri ta burauza, tarihin da ke kan kwamfutar kaɗai yake hana ajiyewa. Kuma yawancin sakamakon DuckDuckGo daga Bing ɗin yake zuwa.

Injiniya: Sai ta haɗa da VPN, manhajar da ke ɓoye wa mai kula da intanet ɗin shafukan da ake shiga. Wannan aikina ne, Malam, ba a waya na koya ba.

Abu Sudais: A kwamfutar kamfani? Ranar da aka gani takardar tuhuma za ta karɓa. 'Yar uwa, ki yi amfani da wayarki da datarki.

'Yar uwa: Oga ya hana riƙe waya a tebur, wai baƙi za su raina kamfani. Datar ma da wane albashin? Kuma ni ba wani abin banza nake kallo ba, bikin ƙanwata ne ya matso.

Anti Ladi: Lokacin da kike kashewa a kan leshi, da kin fara karatun jarrabawar ICAN ta ƙwararrun akantoci, da yanzu ke ake nema a ofishin akantan.

'Yar uwa: Anti, ba lalaci ba ne. Na fara koyon Excel, manhajar lissafi, a YouTube, suka toshe shi. Littafi kuma in na buɗe sai a ce ina zaman banza.

Injiniya: Kin gani? Da VPN duk wannan toshewar ta zama labari.

Abu Sudais: Tsaya, kin tabbata ba ta bayanki ya hango allon ba?

'Yar uwa: Bango ne a bayana. Sai dai ya zo gyaran firinta shekaranjiya, ban tuna ko na rufe shafin ba. To yanzu in koma DuckDuckGo ɗin ko in bari?

Injiniya: Ki koma.

Ɗan Kurna: Afuwan, kamfanin naku suna ɗaukar ma'aikata? Ni zan iya zaman.