Neman shawara: gajiya da fargaba sun hana ni sakat a shagon ɗinki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da abokan sana'a waɗanda suka san irin wannan matsala.

Tun azumin da ya wuce, lokacin da ɗinkin sallah ya yi mini yawa, zafin gari kuma ya haura digiri 40, na shiga wani hali wanda har yau ban fita ba. Sallah ta wuce, aiki ya ragu, amma gajiyar tana nan. Da zarar waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, ina tsammanin mai kaya ne zai yi mini faɗa, ko da kuwa babu wanda yake bin ni ɗinki. Barci ba ya zuwa sai gab da asuba, hannuna yana rawa wajen zura zare a allura, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda nake yi wa yaran shago tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Na je asibiti, an auna jinina, an yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, aka ce in huta. Hutu kuwa da wuya ga wanda kuɗin haya da cefane suke kansa. Addu'a ban daina ba.

Shin wannan hali na buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, ko akwai abin da zan fara gwadawa a gida? Kuma ta yaya tela zai ƙi karɓar ɗinki ba tare da ya rasa tsofaffin abokan cinikinsa ba?