Rigatar Yawuri da ƙananan yara: mu je ko mu haƙura?

Maman Ihsan, Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin mutanen Yawuri, ko duk wanda ya taɓa halartar bikin Rigata. Abokin aikin maigida ɗan Yelwan Yawuri ne, shi ya gayyace mu, har ya ce akwai ɗakin sauka a gidansu. Yaranmu uku: babbar shekararta 9, mai bi mata 6, sai auta mai shekara 2 da rabi wanda ƙafarsa ba ta san zama ba. Tun da suka ji batun jirgin ruwa gidan nan bai ƙara samun sakat ba. Na tsakiyan ya mayar da bahon wanki kwalekwale, muciyata kuma ta zama filafili.

Inda gizo ke saƙar shi ne Hajiya, surukata. Ta ce ba da jikokinta ba. Hujjarta jirgin nan da ya nutse a wajen Wara a 2021, kuma ban ga laifinta ba. Mu 'yan tudu ne, iyakar sanina da ruwa in leƙa gulbin Rima daga kan gada. Ba wanda ya iya iyo a cikinmu, har shi maigidan da ke ta cika baki.

Don Allah me ake yi a bikin takamaimai? Dole sai an shiga jirgi kafin a more kallo? Mace da yara na samun wurin tsayawa kuwa, ko turmutsutsu ne? Sannan yaya hanya daga nan?

Ɗan Gungu

Wa alaikumus salam, Maman Ihsan. Ki gaida Hajiya, ki ce mata wani ɗan bakin ruwa ya ce gaskiyarta. Mu da muka tashi a gaɓar kogin nan mun fi kowa jin tsoronsa. Sai dai Rigata daga tudu ake kallonta, ba wanda zai ce sai kin taka jirgi.

Ranar wasan ruwa tun da hantsi gaɓa take cika. Jirage su fito jere, an ƙawata su da tutoci da yadudduka, kowanne da mutanen garin ko gungun da ya kawo shi. A manyan jiragen makaɗi na ciki, matuƙa kuma kiɗan suke bi: ganga ta sauka, filafilai su faɗa ruwa a tare. Wannan nake so ki nuna wa yaranki. In kika ga hancin jirgi ya soma karkacewa, dubi hannaye, za ki tarar wani ya saɓa wa kiɗa. Sannan ki lura da mutumin da ke zaune can ƙarshen baya. Galibi dattijo ne, ba ya ihu, ba ya gaggawa, filafilinsa na nutse a gefe guda yana daidaita hanya. Jama'a samarin gaba masu ƙwanji suke yi wa kirari, amma ni a ganina tseren a hannun tsohon nan yake.

Bayan manyan jirage akwai tseren ƙananan kwalekwale, da gasar iyo da nutso. A tudu kuma ƙungiyoyin gargajiya ne ke cashewa, Gungawa da Kambari da sauran ƙabilun masarautar, kowa da irin kiɗansa da shigarsa. Akwai baje kolin amfanin gona, inda za ki ga albasar da muke taƙama da ita, da shinkafa da kifi. Isowar Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ita ma abin kallo ce, da dogarai da 'yan algaita. Abin da zai gundure ki ɗaya ne, jawabai. Manyan baƙi kowa sai ya riƙe makirfo, rana na dukan yara, matuƙa na zaune cikin jirage suna hamma.

Asalin abin, yadda manyanmu ke ba da shi, ba wasa ba ne. Dorina ce ke hawowa da dare tana cinye gonakin mutanen gungu, sai jarumai su fita mata a jirage da makamai. Da haka ake horar da samari tuƙi da taurin zuciya. Da Turawa suka zo suka hana kashe dorina, sai fitar ta koma nuna bajinta, ana yi wa manyan baƙi, har ana ba da labarin wadda aka yi wa Sardauna da ya zo Yawuri. Ta yi shekaru a kwance kafin a farfaɗo da ita a 'yan shekarun nan.

To ga inda nake goyon bayan Hajiya. Baƙo yakan ɗauka tunda rani ne ruwa ya ja baya. A kogin Kwara ba haka abin yake ba, cika biyu yake yi a shekara. Ta farko ruwan damunarmu ce, wajen Satumba, mai laka, fari-fari. Ta biyu kuwa ruwan saman da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini ne. Sai ya bazu a fadamun Mali wajen Mopti, ya yi watanni yana jan jiki, lakarsa ta kwanta, sannan ya biyo ta Yamai da Gaya ya iso mana cikin sanyi, baƙi wuluk. Bikin kuwa wajen watan Fabrairu aka saba yinsa, daidai lokacin da ruwan ke cike, ga zurfi ga sanyi. Shi ya sa tseren ke kyau, shi ya sa kuma wanda bai iya iyo ba in ya faɗa ba ya daɗewa.

Ki haɗa da cewa ruwan da ke gabanmu kan tafkin Kainji ne. An fara gina madatsar a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya shanye tsohuwar Busa da gungaye masu yawa, aka tashi mutum sama da dubu 40. Gungun da aka haifi mahaifina yana ƙarƙashin ruwan nan. Har ya rasu, in muna wucewa a jirgi sai ya nuna wani wuri da haɓa ya ce nan tsamiyarsu take. Kuma da gaske itatuwan ba su tafi ko'ina ba, kututturansu na nan a nutse, suna fasa cikin jirgin wanda bai san hanya ba.

Jirgin Wara na ranar 26 ga Mayu 2021 ba na biki ba ne. Na fasinja ne da ya taso daga jihar Neja, an loda masa mutum fiye da 150 da kaya, kaɗan ne suka fita da rai. Lodi ne ya yi yawa, jirgi kuma ya tsufa. Amma irin wannan lodin za ki iya gani a ranar Rigata, can gefe inda samari ke kiran "a zo a zaga, a zo a zaga" suna karɓar 'yan kuɗi. Nan ne ban yarda ki kai yaranki ba.

Bakabe

Hajiya Maman Ihsan, me ya kai ki nesa ga Argungu a bayan gidanki? Tun 1934 muke bikin kamun kifi, UNESCO ta sa shi cikin kundinta a 2016. In tseren kwalekwale ne da nutso, ai duk muna yi a wasannin ruwanmu na kabanci, ga dubban masunta da gora da koma suna rugawa cikin kogin Matan Fada lokaci guda. Ɗan Gungu, a yi haƙuri, gaba da gabanta.

Ɗan Gungu

Malam Bakabe, ranka ya daɗe, ba mu ja da ku a kan kifi ba. Amma ruwan da mutum ke shiga da ƙafa yana lalube daban, wanda ba ka hango ɗaya gaɓar sosai in hazo ya sauka daban. Ka zo ka gani, masaukinka na wuyana.

Anti Ladi, Kontagora

'Yar'uwa, maza sun yi miki tarihi, bari ni in yi miki maganar uwa. Na je da nawa, kuma zan sake zuwa, amma da shiri.

Autan nan goya shi za ki yi, ki ɗaure da majanyi mai ƙarfi, kada ki sauke shi a bakin ruwa ko da zai tsaga kunnenki da kuka. Gaɓar ba shinge gare ta ko'ina ba, kuma da jirage sun doso wurin ƙarewa jama'ar baya turowa suke yi gaba, kowa na son ya gani. Na ga babban mutum da babbar riga ya tsinci kansa cikin ruwa har gwiwa bai shirya ba. Don haka ki nemi wuri mai ɗan tudu, baya kaɗan, inda mata ke taruwa. Daga can ma an fi ganin tseren gaba ɗayansa. Wanda ya manne a gaba ba ya ganin komai sai jirgin da ke gabansa.

Manyan biyun ki sa musu kaya masu launi ɗaya mai ɗaukar ido, ki rubuta lambar babansu a takarda ki sa a aljihu. Waya takan yi wuyar shiga in taro ya cika, saboda haka ku tsayar da wata bishiya ko rumfa tun farko, duk wanda ya ɓace nan zai nufa. Da safe akwai sanyi da iska daga ruwa, ki ɗauki rigunan sanyi da man shafawa. Kafin azahar kuma rana ta buɗe, sai lema da ruwan sha mai yawa. Banɗaki ne babbar wahalar mace a wurin, ki gode Allah kina da gidan sauka.

Abinci kam kada ki damu. Soyayyen kifi da zafinsa, ki tsaya a soya a gabanki, ki cire wa yara ƙaya da hannunki. In za ki dawo ki sayi busasshen kifi da warangi, 'yan ƙananan nan da ake dakawa a miya, da albasa. Ki ware wa Hajiya nata kason mai kyau, tsaraba na sauke fushi.

Hanya: daga Sakkwato ta Tambuwal, Jega, Koko, sai Yawuri, wajen kilomita 300 ne. Ku fita da sassafe ku isa da rana tsaka. Kada ku yi tafiyar dare, kuma kada ku bar babban titi. Kin dai san yadda 'yan bindiga suka sace ɗalibai a makarantar Birnin Yawuri a 2021. Lokacin biki akan zuba jami'an tsaro a gari, amma maigida ya kira abokin nasa ana gobe tafiya ya ji halin da hanya take ciki.

Maman Ihsan, Sakkwato

Kai, Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa Hajiya amsar Malam Ɗan Gungu daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin tsamiyar nan sai ta yi shiru, can ta ce mutumin nan ya san abin da yake faɗa. Yanzu ta sassauto, da sharaɗin ita ma da ita za a je, auta kuma a hannunta zai zauna. Malam Bakabe, Argungu na nan a lissafi, in Allah Ya kai mu.

Saura rigima ɗaya. Na tsakiyan ya ce shi in ba zai hau jirgi ba gara a bar shi gida. Malam Ɗan Gungu, akwai yadda za a yi ya ɗan hau ba tare da na mutu da fargaba ba?

Ɗan Gungu

Akwai, amma ba ranar tsere ba. Ranar nan ruwa a hargitse yake, jiragen inji na kai da kawo suna tayar da igiya, ƙwararrun matuƙa kuma duk suna cikin gasa. Ku bari sai washegari da safe, bayan hazo ya ɗaga, kafin iskar rana ta taso.

Mai masaukinku ya nemo muku matuƙin da ya sani da gidansu, magidanci, ba yaro mai neman na kashewa ba. Ku ɗauki shatar jirgin ku kaɗai, kada a ƙara muku ko mutum ɗaya a hanya. Kafin ku shiga, maigida ya leƙa cikinsa: ɗan ruwa kaɗan a ƙasa ba komai ba ne, kowane jirgin katako na yi, amma in ya ga an ajiye yaro musamman yana ta kwalfewa da roba, ku nemi wani. In kun zauna, gefen jirgin ya rage sama da ruwa kamar kamu guda ko fiye.

Rigar kariya dole ce, kuma daidai jikin yaro. Ta manya ba ta da amfani gare shi, yana faɗawa za ta zame ta kansa. Gara ku sayo tun daga gida, don samun ta yara a bakin ruwa sai an dace. In kin ɗaura masa, kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama. In ta haura kunnuwansa ta yi yawa, a ƙara tsuke igiyoyin ko a canza.

Ya zauna a ƙasan jirgi, a tsakiya, tsakanin ƙafafun babansa. Ba tsayuwa, ba miƙa hannu a taɓa ruwa, ba sauya wuri don ɗaukar hoto. Ku ce wa matuƙin ya bi gefen gaɓa, ba tsallakawa gungu ba, ɗan zagaye kaɗan ya isa. Ke da Hajiya da auta ku tsaya a tudu inda zai riƙa hango ku.

Ranar bikin kuma kada ku dogara da ta bara. Masarauta da gwamnatin jiha ne ke sanarwa, kuma yanzu da azumi ke faɗowa kusa da lokacin ana iya matsar da ita gaba ko baya. Ku jira sanarwa kafin maigida ya nemi hutu a wurin aiki.