Yarona ya haddace littafi, ashe bai iya karatu ba

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni shawara. Yarona shekararsa 7, yana aji biyu na firamare. Kullum zai ɗauko littafinsa ya zubo min karatu kamar ruwa, ni kuwa sai murna. Shekaranjiya ina ninke kaya, na lura idonsa ba ya kan shafin ma, taga yake kallo, baki na ta tafiya. Na rubuta "kujera" a bayan kwali na ce karanta min. Ya kalli kwalin ya kalle ni, ya ce, "Mama, ba a koya mana wannan ba." Ashe hadda ce zalla. Na daka masa tsawa har ya yi kuka, abin ya tsaya min a rai. Ta ina zan fara?

Tsohuwar Malama:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, na ga irinsa ba adadi. Ki ajiye littafin nan tukuna, tunda ya riga ya sha shi. Ki fara da wasula biyar: a, e, i, o, u. In sun zauna, ki jingina musu baƙi ɗaya: ka, ke, ki, ko, ku. Sautin harafi za ki koya masa, ba sunansa ba, don da sauti ake haɗa kalma.

Ki yanka takardu ƙanana, kowace da gaɓa ɗaya. Ki ba shi "ka", "ra", "tu" ya jera da hannunsa. Ranar da "karatu" ta fito daga bakinsa, ki kalli fuskarsa. Kujerar da ta kayar da shi ma gaɓa uku ce kawai: ku-je-ra. Su ɓ, ɗ, ƙ da tagwaye irin sh da ts, ki bar su sai ya yi ƙwari.

Minti goma zuwa sha biyar a rana ya isa. In ya cije, kada ki yi saurin faɗa masa, ki ƙirga biyar a zuciyarki. Wannan shirun ne ke gagarar iyaye.

Baban Yara:
Abin da Malama ta faɗa haka yake. Ni tawa 'yar hoto take kallo ta yi cinke, sai na riƙa rufe hoton da tafin hannu. Da dare kuma ni nake karanta mata labari, yatsana a ƙarƙashin kalmomin, in an zo wurin daɗi in yi hamma in ce barci nake ji. Haushi ne ya sa ta fara ƙwace littafin.

Yaya Babba:
Ƙanwata, a duba masa ido da kunne ma. Rikita b da d ba abin tsoro ba ne a shekarunsa. Amma in kun yi watanni sautukan sun ƙi zama, ki zauna da malaminsa, akwai larurar karatu da ake kira disleksiya, kuma ba daƙiƙanci ba ce.

Maman Biyu:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Yau mun yanka takardun. Ya jera "ba" da "ka" ya ce "baka", ya juya su ya ce "kaba", yanzu ya hana ƙanensa taɓa su.