Ƙofar da ta yi shiru, a rufe take?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare na saki Nmap, manhajar laluɓen ƙofofin shiga kwamfuta (ports), a kan sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet) yayana mai shago a Kejetia, da izininsa. Cikin ƙofofi 1000 da ya duba, masu lamba 80 da 443, waɗanda ake shiga shafin ta cikinsu, su ne kawai a buɗe, sauran 998 ya rubuta "filtered", wato an tace. Na ce masa ya yi barcinsa, ba mai shiga.

Hajiya ta Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi saurin yanke hukunci. Nmap bai ce a rufe suke ba, cewa ya yi bai sani ba. Yana aika SYN ne, wato saƙon neman shiga. In ƙofa a buɗe take, SYN/ACK ya dawo, wato amsar amincewa. In a rufe, RST, wato amsar ƙi. Waɗannan kuwa shiru, ko saƙon ICMP (sanarwar matsala daga na'urorin kan hanya) na cewa an hana wucewa. Ka yi sallama a zaure ba a amsa ba, sai ka rantse ba kowa a gidan?

Ɗan Aboabo: To Hajiya, abin da ya tare ni ai zai tare ɓarawo.

Malam na Zango: Daga ina ka yi sikanin?

Ɗan Aboabo: Da datar wayata, Malam.

Malam na Zango: Ka gani. Wasu kamfanonin intanet suna toshe ƙofofi 25 da 445 tun daga wajensu, saƙonka bai ma isa sabar ba. Katangar da ka gani, wato fayawol mai tace saƙonni, mai yiwuwa ba ta yayanka ba ce.

Autan Tafo: Ni kam ina bayan Ɗan Aboabo. Fayawol mai haɗiye saƙo ya fi mai amsawa, don mai laluɓe zai yi ta jira yana sake aikawa har ya gaji.

Hajiya ta Asawase: Auta, manhaja ke laluɓen, ba ta gajiya. Na taɓa duba wata saba, ƙofar 3306 shiru daga waje, ashe MySQL, manhajar ma'ajiyar bayanai, na zaune a ciki da fasuwod na banza. Ranar da aka sake kunna injin, dokokin iptables, wato fayawol ɗin injin, suka goge don ba a adana su ba, ƙofa ta buɗe wangame. Kuma shafin da ba a sabunta ba, ta 443 ɗin nan da ka bari ake fasa shi.

Autan Tafo: Wannan sakacin mai saba ne, ba laifin katanga ba.

Malam na Zango: Shiga sabar ka buga ss -tlnp, ka turo mana jerin manhajojin da zai nuna suna sauraro a bayan ƙofofin.

Ɗan Aboabo: To Malam. An ɗauke wuta a layinmu, sai bayan la'asar in sha Allah.