Ina karanta Hangul, amma bakina ya ƙi buɗewa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ina koyon Koriyanci. Haruffan Hangul 24 ɗin nan a mako guda na haddace su, ina karatu ba gargada. Amma da malama ta ce in gabatar da kaina, sai harshe ya yi nauyi. Ku da kuka wuce wannan matakin, me malamanku suka yi muku da ya yi amfani?

Ɗalibi a birnin Daejeon, Koriya ta Kudu:
Wa alaikumus salam. Ni 'yar takardar tishu ce ta cece ni. Malamarmu kan sa kowa ya riƙe ta a gaban bakinsa, mu ce dal, wato wata, da tal, abin rufe fuska, da ttal, 'ya mace. A tal dole takardar ta kaɗa sosai, a ttal kuwa ko motsi kada ta yi. Wasu 'yan ajinmu duk ukun ɗaya suke ji. Ni da na tuna yadda muke raba kara da ƙara, sai abin ya zo min da sauƙi. Ba sautinmu ba ne daidai, amma kunnen Bahaushe ya saba da irin wannan bambancin. Minti biyar kullum kafin darasi, kuma wallahi bayan wata guda mai kanti ya daina cewa in maimaita.

Wata 'yar uwa daga Abuja:
Mu kasuwa malaminmu yake mayar da aji. Ɗaya mai sayarwa, ɗaya mai saye, a yi ta “igeo eolmayeyo?”, wato nawa wannan. A nan lambobi suka zauna min, don iri biyu gare su: awa da hana, dul, set (ɗaya, biyu, uku) ake faɗa, minti da kuɗi da il, i, sam. Kuma ba ya katse ka in ka yi kuskure, sai an gama. Wannan ne ya cire min kunya.

Mai koyo a gida:
Malam, kada jarrabawa ta ruɗe ka. TOPIK I, matakin farko na jarrabawar ƙwarewa a Koriyanci, sauraro ne da karatu kawai, babu magana. Na ci ta, amma na kasa ko gaisuwa mai tsawo. Yanzu kullum ina naɗar muryata ta minti ɗaya in tura wa abokin karatuna ta WhatsApp, kowace jimla da -yo na girmamawa a ƙarshe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tishu yau zan fara. 'Yar uwa, ku nawa ne a ajin naku? Mu mun kusa 30.